Yaro Na Ji a Ɗaki, Ba Ya Ji a Aji: Wane Gwajin Kunne Ya Dace da 'Ya'yanmu?

Jawabin Kwamitin Lafiya da Ilimi a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma shugaban wannan taro, mai girma uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu na addini da na boko, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, da 'yan uwa da suka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas da sauran birane domin halartar wannan taro, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya iso lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake haɗa fuskokinmu a wannan gari namu mai albarka.

Shekara da shekaru wannan ƙungiya tana gina azuzuwa, tana sayen bencina da littattafai, tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin jarrabawa. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu da alheri. A yau kwamitinmu na son jawo hankalin jama'a ga wata ƙofa da duk wannan ilimi yake bi kafin ya isa ƙwaƙwalwar yaro, wato kunne. A kusan kowane aji akwai yaron da ake kira daƙiƙi, ko mai kunnen ƙashi. Malami ya yi magana ya yi shiru, a tambaye shi ya ba da amsar da ba ta shafi tambayar ba, bulala ta hau shi. A gida kuwa uwarsa ta rantse lafiyarsa ƙalau, domin ko daga ƙuryar ɗaki ta kira shi yana amsawa. Malamin bai yi ƙarya ba, uwar ma ba ta yi ƙarya ba. Jin kira a cikin shiru daban, fahimtar magana a cikin hayaniya daban, kuma kowannensu da irin gwajinsa.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta kan ji a shekarar 2021, inda ta bayyana cewa mutane miliyan 430 ne ke da raunin ji da ya kai a taimaka musu, kuma miliyan 34 daga cikinsu yara ne. Hukumar ta ƙara da cewa kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji ga yara ana iya hana aukuwarsa. Abubuwan da ke jawo shi ba baƙi ba ne a wurinmu: ciwon kunne mai zubar da mugunya, ruwa da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani ga jariri, wasu allurai da ake yi barkatai ba da umarnin likita ba, da kuma sanƙarau. Manya daga cikinmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta hallaka fiye da 11,000, akasarinsu a nan Arewa. Daga cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bari da kurumta.

Kurman da ba ya ji sam, kowa ya san shi, kuma akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da aka tanada dominsa. Wanda ya fi damun mu a yau shi ne mai rabin ji, ko mai ji da kunne ɗaya, wanda babu wanda ya san halin da yake ciki, har shi kansa.

Dalilin da ya sa aji ya bambanta da ɗaki

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar yau da kullum, idan mai sauraro na nesa da mai magana da mita ɗaya, takan kai wajen desibel 60. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya kan ragu da desibel 6. Ke nan muryar da take 60 a mita ɗaya za ta koma 54 a mita biyu, 48 a mita huɗu, 42 a mita takwas. A cikin aji bango da rufi suna maido da wani ɓangare na muryar, amma abin da suke maidowa amsa-kuwwa ce, mai cakuɗa ƙarshen wata kalma da farkon wata.

Hayaniya kuwa ba ta raguwa zuwa bayan aji, domin ta ko'ina take fitowa. Abin da ke tabbatar da ko yaro zai fahimci malami shi ne yawan desibel ɗin da muryar malamin ta ɗara hayaniyar da shi a daidai kunnen yaron. Za mu riƙa kiran wannan da rinjayen murya. Masana ji a Amurka sun ba da shawarar muryar malami ta rinjayi hayaniya da aƙalla desibel 15, kuma ƙa'idar gina azuzuwa da aka fitar a can a 2002 ta ce kada hayaniyar aji, lokacin da babu kowa a ciki, ta wuce desibel 35. To, mu tuna ajinmu: rufin kwano babu silin, tagogi a buɗe suna kallon hanyar babura, injin niƙa a bayan katanga, aji na kusa suna biya karatu da ƙarfi, ga yara sun ninka 35 ɗin da manufar ilimi ta ƙasa ta tsara wa malami ɗaya a firamare.

Ga kuma wani abu da bai kamata ya wuce mu ba. Babba yana cike gurbin abin da bai ji ba da sanin harshe da sanin zance. Yaro bai tara wannan jari ba tukuna. Bincike ya nuna cewa yaro mai lafiyar kunne yakan kamo babba wajen jin magana cikin ƙugi mara canzawa, kamar na janareta, a wajen shekara 10, amma idan hayaniyar ta muryoyin mutane ce, sai ya shiga shekarun balaga kafin ya kamo shi. Sautukan da hayaniya ke fara haɗiyewa kuwa su ne sirara, irin su s da sh da ts da f. Yaron da waɗannan suka kuɓuce masa zai ji amon kalma amma ya kasa rabe sara da shara da tsara.

Gwajin da aka saba yi

Idan aka kai yaro asibitin kunne, gwajin farko shi ne na sauti zalla. Ana sa shi a ɗaki mai shiru, a ɗora masa na'ura a kunnuwa, a riƙa sako masa ƙara iri-iri, daga mai kauri zuwa siririya, yana ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji, har a gano mafi ƙanƙantar ƙarar da kowane kunne ke iya kamawa. Wanda ke jin abin da bai kai desibel 20 ba ana lissafa shi cikin masu cikakken ji. Wannan gwaji shi ne ginshiƙi, babu mai maye gurbinsa, domin shi ke nuna wane kunne ne ya raunana, da kuma gwargwadon raunin. Sai dai amsar da yake bayarwa ta ɗaki mai shiru ce. Ana samun yaran da suke cin wannan gwaji sarai, amma su kasa bin magana da zarar an sa hayaniya. Saboda irin waɗannan ne masana suka ƙirƙiro gwaje-gwajen fahimtar magana cikin hayaniya. Za mu kawo huɗu mu gwama su.

Gwaje-gwaje huɗu

Na farko shi ne HINT, wanda aka fitar a birnin Los Anjelis na Amurka a 1994, daga baya aka fitar da na yara. Ana sako ƙugi mara canzawa, sannan a sako gajerun jimloli. Idan yaro ya maimaita jimla daidai sai a rage ƙarfin muryar kaɗan, idan ya kuskure sai a ƙara, haka ake ta yi har a tsaya a inda yake samun rabin jimlolin. Kyawunsa shi ne yana bin ƙarfin kowane yaro, ba ya yi wa wani sauƙi ainun, ba ya yi wa wani tsauri ainun. Rauninsa shi ne ƙugin bai yi kama da surutun aji ba.

Na biyu shi ne BKB-SIN, wanda ya fito a Amurka a 2005. Jimlolinsa sun samo asali ne daga aikin wasu masana uku a Ingila, Bamford da Kowal da Bench, waɗanda a 1979 suka tsara su daga irin kalmomin da yara masu raunin ji ke amfani da su. A nan hayaniyar muryoyin mutum huɗu ce suna magana lokaci guda. Ana farawa murya tana rinjayar hayaniya da desibel 21, ana ragewa da uku-uku a kowace jimla, har hayaniyar ta koma ta ɗara muryar da desibel 6. Ana ƙirga muhimman kalmomin da yaron ya kama. Ana yi wa yara tun daga shekara 5, yana da sauri, kuma ya fi kusa da abin da ke faruwa a aji.

Na uku shi ne LiSN-S, wanda Sharon Cameron da Harvey Dillon suka tsara a Ostireliya a 2007. Allah ya ba mu kunne biyu, kuma ƙwaƙwalwa tana gwama abin da ya iso kowannensu domin ta ware muryar da ke gaba daga waɗanda ke gefe. Wannan gwaji yakan sa jimla ta fito daga gaba, masu surutu su ma daga gaba, sannan a sake yi bayan an mayar da masu surutun dama da hagu. Yaro mai lafiya yakan sami sauƙi sosai da zarar an matsar da su gefe. Wanda bai samu ba, to ƙwaƙwalwarsa ba ta cin moriyar kunnuwa biyun. An sami wannan matsala da yawa a tsakanin 'ya'yan mutanen asali na Ostireliya da suka yi fama da ciwon kunne tun suna ƙanana, ko bayan kunnen ya warke. Wannan abin lura ne gare mu, ganin yadda ciwon kunne ya zama ruwan dare a tsakanin yaranmu.

Na huɗu shi ne gwajin lambobi. Cas Smits da abokan aikinsa suka fitar da shi a Holan a 2004, aka riƙa yin sa ta wayar tarho. Ana sako lambobi uku-uku a cikin ƙugi, mai sauraro ya danna abin da ya ji, ana ƙara hayaniya ko a rage gwargwadon amsarsa. Ba ya wuce 'yan mintuna. Masana a Jami'ar Firitoriya da ke Afirka ta Kudu sun mayar da shi manhajar wayar hannu mai suna hearZA a 2016, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tata mai suna hearWHO a 2019, wadda aka tsara domin manya. Shi ne mafi arha, ba ya buƙatar ɗaki na musamman, kuma lambobi ba sa buƙatar zurfin sanin harshe. Amma yana da rauni mai muhimmanci a gare mu. Idan aka sako sauti iri ɗaya a kunnuwa biyu, yaro mai ji da kunne ɗaya zai iya ci, haka ma wanda ruwa ya toshe masa kunne, domin toshewar tana rage murya da hayaniya tare. A 2020 masanan Firitoriya sun nuna cewa idan aka juya igiyar sautin lambobin a kunne ɗaya ta zama kishiyar ta ɗayan, gwajin ya fi kama irin waɗannan.

Abin da gwamawar ta nuna

Da farko, makin wani gwaji ba ya zama makin wani. Yaro guda zai iya fitowa da sakamako daban-daban a HINT da BKB-SIN, domin ɗaya ƙugi ne ɗaya muryoyi, ɗaya yana neman jimla cikakkiya ɗaya yana ƙirga kalmomi. Iyayen da ke birni, idan an yi wa yaro gwaji a Abuja aka sake yi a Kano, a tambayi sunan gwajin kafin a ce ya samu sauƙi ko abin ya ƙaru. Kada kuma a raina ƙaramin bambanci, domin a gwajin jimloli desibel ɗaya tak na iya zama kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ake fahimta.

Na biyu, dole a gwama yaro da tsararrakinsa. Ɗan shekara 6 da aka auna da ma'aunin manya zai fito kamar mai rauni alhali lafiyarsa lau.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a wurinmu, shi ne harshe. HINT da BKB-SIN da LiSN-S duk da Turanci aka fara tsara su, da muryoyin Turawa, aka kuma samo ma'auninsu daga 'ya'yan Turawa. Idan aka sa wa yaron da ya tashi da Hausa jimlar Turanci da lafazin Amurka a cikin surutu ya kasa, ba kunnensa kaɗai aka gwada ba, har da Turancinsa. Fassara jimlolin a baki ma ba ta wadatar ba. A Hausa karin sauti da tsawon wasali suna rarrabe ma'ana, saboda haka sai an zaɓi jimlolin, an naɗi muryar Bahaushe, an daidaita su yadda wata ba za ta fi wata wuyar ji ba, sannan an gwada su a kan yaran Hausa masu lafiyar kunne na shekaru daban-daban. A wajen lambobi harshenmu ya zo da sauƙi, domin daga ɗaya har tara kowace lamba gaɓa biyu ce, alhali a Turanci bakwai ta fi sauran tsawo har wasu masu tsara gwajin suka cire ta. Sai dai biyu da biyar, da bakwai da takwas, suna kama da juna a kunne, kuma mai tsarawa zai yi la'akari da haka.

Na huɗu, babu ɗayansu da ke faɗin dalili. Gwajin hayaniya yana nuna cewa yaro na shan wahala, amma leƙa kunne da fitila, da awon motsin dodon kunne, da gwajin sauti zalla su ke nuna ko dauɗa ce, ko ruwa, ko huji, ko jijiya. Dauɗa da ruwa da mugunya suna da magani, kuma sau da yawa mai sauƙi.

Ra'ayin kwamiti ke nan: a makarantunmu a fara da leƙa kunne da gwajin sauti zalla ga kowa, a ƙara da gwajin lambobi ga yaran da suka iya ƙirga, a bar gwajin jimloli ga ƙwararru a asibiti, su ma a tambaye su da wane harshe za a yi.

Abin da muke roƙo

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya yi aji ɗaya zuwa uku yana jin rabin magana, a nan ne aka koyar da haɗa baƙi da wasali, kuma abin da ya wuce shi a nan zai bi shi har sakandare, idan ma ya kai. Saboda haka muna gabatar wa wannan taro buƙatu biyar.

Ɗaya, ƙungiya ta ware kuɗi a kasafin bana domin gayyato ma'aikatan kunne su duba dukkan 'yan aji ɗaya, da duk yaron da ya maimaita aji, da wanda malaminsa ke kuka da shi. Ranar 3 ga Maris, wadda ita ce ranar ji ta duniya, ta dace da fara wannan aiki.

Biyu, a kafa asusun kai yaran da aka gano zuwa asibiti, domin gano ciwo a bar shi ba taimako ba ne. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, akwai kuma sassan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato. 'Yan uwa da ke zaune a waɗannan birane, masauki da rakiya a kanku suke.

Uku, duk ajin da za mu gina ko mu gyara daga yau a sa masa silin, a nisanta shi da titi, a kawar da janareta daga jikin taga, kuma mu roƙi iyayenmu masu unguwanni su sasanta da masu injin niƙa da ke maƙwabtaka da makaranta. Gyaran aji yana amfanar kowane yaro, mai rauni da mai lafiya.

Huɗu, malamai, na boko da na Islamiyya, a zaunar da yaron da ake zargi a gaba, kunnensa mai kyau yana ɓangaren malami, a fuskance shi idan ana magana, kada a yi bayani ana kallon allo. Kafin a ɗaga bulala a tambayi kai ko ya ji abin da aka ce.

Biyar, idan akwai ɗalibinmu a jami'a da ke nazarin harshe ko kiwon lafiya, mu tallafa masa ya yi bincikensa a kan tsara irin wannan gwaji da Hausa. Amfanin aikin zai wuce garinmu, ya kai duk inda ake jin Hausa.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin yaro. Idan yana ƙure rediyo, yana yawan cewa "na'am?", yana juyo da kunne ɗaya, ko yana zuba wa bakin mai magana ido, a kai shi a duba. A daina ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne mai zubar da mugunya, a daina sosa kunne da ashana ko gashin kaza. A kammala wa yara allurar rigakafi, musamman ta ƙyanda da ta sanƙarau. Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau, a 2024. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuwa a gwada jinsa cikin makonnin farko, kada a jira. Rigakafi ya fi magani.

'Yan uwa mazauna birane, kada mu ɗauka abin na ƙauye ne kawai. 'Ya'yanmu da ke makarantun kuɗi a bakin manyan tituna, da waɗanda ke kwana da iyafis a kunne, su ma suna buƙatar a duba su. Amma su suna da asibiti a kusa. Na gida ba su da kowa sai mu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar alkawarin gudummawa tana wurin ma'ajin ƙungiya, kwamiti kuma zai kawo cikakken lissafin yaran da aka duba da kuɗin da aka kashe a taron baɗi, in Allah ya kai mu.

Allah ya ƙara wa uban ƙasa lafiya da nisan kwana, Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.